Sifikar da Na Saya Don Muryar Inna

Ni ne ɗan fari a wajen mahaifiyata, kuma duk wanda ya tashi a ƙauyukanmu na kewayen Agiye ya san abin da wannan yake nufi. Inna ba ta taɓa kiran sunana ba. Ba ta zama inda na zauna, ba ta miƙo min abu hannu da hannu, in kuma tana da magana da ni sai ta faɗa wa ƙanwata, ko da ina tsaye a gabanta. "Ki ce ma wancan tuwonshi na ɗaki." Ni ne wancan. Kakata ce ta ɗauke ni tun daga yaye, ta riƙe ni har ta rasu, na dawo gidanmu gemu ya fara tsiro min ban san yadda ake hira da uwa ba. Ba ƙiyayya ba ce, kunyar ɗan fari ce, kowa ya sani, ni ma na sani. Amma sanin bai taɓa hana ni jin haushi ba.

Shekarar da geronmu ya ƙi, kawuna da ke sayar da albasa a Abijan ya aiko in je in taya shi aiki. A lokacin Inna ta kusa shekara tana fama da ciwon maƙogwaro. An kai ta Maradi, an ba ta magani, ciwon bai tafi ba, muryar ce ta tafi. Abin da ya rage mata ɗan sauti ne kamar ana jan tsintsiya a kan tabarma, sai ka matso ka kasa kunne kafin ka ji. Ni kuwa ba ni da ikon matsowa.

Ban taɓa wuce Maradi ba a rayuwata. Tun da aka sa ranar tafiya abinci ya daina shiga cikina. Ina tsoron hanya, ina tsoron masu kaki a kan iyaka, ina tsoron teku da ban taɓa gani ba. Akwai kuma wani tsoron da ban yarda na kalle shi ba, shi ne in tafi in bar ta da wannan ciwon.

Da safiyar tafiya na durƙusa a ƙofar ɗakinta na ce zan tafi. Daga ciki ta ce Allah ya kiyaye hanya, ko kuma abin da na zaci ta ce ke nan. Ba ta fito ba. Ƙanwata ce ta raka ni har bakin hanya inda zan hau babur, a nan ta kwance bakin zanenta ta ciro wani ɗan ƙullin leda ta danƙa min. Memori ne na waya, bai kai farcen ɗan yatsa ba.

"Yaya, jiya Inna ta sa na kunna mata waya, ta kore ni waje. Ta yi magana a ciki. Ta ce kada a ji sai an sauka."

"Mi ta ce?"

"Wallahi ban sani ba. Har bayan rumbu ta kore ni."

Matar da shekara ashirin da huɗu ba ta haɗa min jimla biyu a jere ba, yau ta yi min magana, kuma maganar tana tafin hannuna. Sai na tuna wayata. 'Yar ƙarama ce, bakinta ya fashe tun ranar da ta faɗo daga amalanke, ko mai ƙaton murya ya kira ni sai ya koma kamar ƙuda a cikin gwangwani. In na sa muryar Inna a cikinta, ba abin da zan ji sai shuu. Kafin babur ya kai ni Agiye na gama yanke shawara: sai na sayi sifika, ƙarama wadda za ta shiga jaka, kuma wadda za ta iya fitar da muryar da ba ta da ƙarfi.

Ranar kasuwa ce. Kusa da tasha akwai wani mutum mai rumfar kayan waya, ga teburi cike da sifikoki, ga batirin sola a ƙasa yana cajin wayoyin mutane, ga wata tsohuwar kwamfuta da yake zuba wa mutane waƙoƙi da ita. Mutum ne mai fara'a, irin wanda zai sa ka ji kamar kun yi lakol, wato makarantar boko, tare. Na ce masa ina son sifika mai kyan sauti, ta tafiya.

"Ka zo gidan sauti, abokina," in ji shi. Ya jawo wata mai kama da ƙaramar ganga, da maɗauki da fitilu masu juyawa, ya murɗa ta har ƙarshe. Teburin ya hau rawa. Wani jaki da ke ɗaure a gefe ya zabura. Ni kaina sai da na ji kiɗan a cikin haƙorana.

"Rage," na ce.

"Mi?"

"Ka rage ta. Can ƙasa nike son ji."

Ya kalle ni kamar na ce ya sayar min da mota marar taya. A kasuwarmu ba a gwada sifika da ragewa. Mai saye yana son wadda in ya kunna a Agiye za a ji a Gazawa, mai sayarwa kuma ya san haka. Ya ce tun da ya kafa rumfar nan ba a taɓa ce masa ya rage ba, sai dai liman. Na ce masa ba kiɗa zan ji ba, magana ce, ta wata wadda muryarta ta dushe. Ya ce to in kawo maganar a gwada. Na ce ba a yarda a ji ba tukuna. Ya sake kallona, wannan karon da tausayi, ya ɗauka ko budurwa ce.

A gefen rumfarsa wata tsohuwa tana zaune da faifan daddawa, tana tauna goro da 'yan haƙoran da suka rage mata. Tun zuwana nake jin tana kiran masu saye, ba wanda ke jinta, don muryarta ta shaƙe kusan irin ta Inna. Na durƙusa na gaishe ta, na roƙe ta ta yi 'yar magana a wayar mai rumfa mu gwada.

Ta ƙare min kallo. "Wanga miji nawa, tahiya za ka yi ka bar ni, shi ne kake son muryata ta guzuri? To kawo." Ta karɓi wayar ta riƙe ta a juye, ta zazzage ni tas: wai ƙafafuna kamar na zalɓe, wai matan birni za su mayar da ni ɗan aike, wai in na dawo ba turmin atamfa kada in biyo ta ƙofarta. Ta rufe da tari.

Muka haɗa wayar da sifikoki ɗaya bayan ɗaya. Mai kama da ganga ta haɗiye tsohuwar gaba ɗaya, ba ka jin komai sai gum-gum kamar ana magana a cikin rijiya. Wata ja mai sheƙi, wadda mai rumfa ya rantse ita samari ke rububi, ta mayar da ita sauro. Muka gwada wasu biyu, duk sai ka ƙure su kafin magana ta fito, in ka ƙure kuma sai su hau kakkarwa. Ga kuma yaran mota suna ta kiran Maradi, Maradi.

Can ƙarshen teburi na hango wata baƙa, ba fitila ba ado, tsawonta bai wuce tafin hannu ba, gefenta har ya ɗan goge. Da na ɗaga sai na ji ta fi girmanta nauyi. Mai rumfa ya ce ta hannu ce, wani da ya dawo daga ci-rani ya sayar masa, ba ta da ƙara, shi ya sa ta daɗe. Na ce a sa. Na rage ta sosai na kara a kunne, sai ga tsohuwa ta fito ɗungurungum. Na ji zalɓen, na ji atamfar, na ji ƙas ɗin goro a bakinta, har numfashin da ta ja kafin tari.

Tsohuwar ta dafe ƙirji. "A'uzubillahi! Ni ce wagga? Ashe haka nike damun mutane."

Na tambayi caji, ya ce tana kwana biyu ba ta mutu ba. Na duba gefenta, akwai ramin memori. Muka yi ciniki na biya, ban ja da yawa ba. Ya ce batirinta ya yi ƙasa, in bar ta a jikin sola in je in yi azahar in kama wuri a mota. Kafin in tafi na kwance ledar nan, na tura memorin Inna a ramin don in ga ko ya zauna. Ya zauna daram. Sai na ga ai nan ya fi aljihuna tsaro, aljihun da ke da ɓula. Na bar shi a ciki, sifika a kashe, na tafi masallaci.

A wajenmu ba a sayen abu a tashi ba gyara. Mai gishiri zai ƙara maka ɗan tsunkule, mai ƙosai ta jefa maka ɗaya a kai, in ba a yi ba sai ka ji kamar an raina ka. Na san wannan tun ina yaro. Abin da ban tsaya na tambayi kaina ba shi ne, mai sayar da sifika da me yake gyara.

Na dawo na tarar da shi yana washe baki, sifika a hannu.

"Na yi maka gyara, abokina. Na ga memorinka wayam, na cika maka shi. Waƙoƙi, wa'azi, kiɗan 'yan kokawa, har na ƙasashen waje. Har ka kai Abijan ba ka ji rabi ba."

Na dafa teburi.

"Abin da ke ciki hwa?"

"Akwai wani abu?"

"Akwai magana guda."

Fara'ar ta bar fuskarsa. Ya sosa ƙeya ya ce shi dai bai lura ba. Ya ce wani lokaci in ya sa memori kwamfutar takan yi masa tambaya da Faransanci, shi kuma yakan danna e don aiki ya yi sauri, wani lokacin abin da ke ciki yana nan, wani lokacin ya tafi. Bai tuna ko yau ta tambaya ba. Na so in shaƙe shi, wallahi na so. Amma mutumin alheri ya yi min, irin alherin da da bai yi ba ni ne zan fara cewa marowaci ne.

"Bari mu kunna mu duba," ya ce, ya kai yatsa.

Na fizge sifikar. Na ce an ce kada a ji sai an sauka. Haka na faɗa masa, haka kuma na yi ta faɗa wa kaina a hanya, amma ba gaskiya ba ce duka. Tsoro ne ya hana ni. In na duba na tarar babu, sai in koma gida in ce mata me? Ta sake? Inna ba za ta sake ba, na san wannan kamar yadda na san sunana. Muddin ban duba ba, maganar tana nan. Na cusa sifikar cikin jaka na shiga mota, tsohuwa mai daddawa tana ɗaga min hannu.

A Maradi na hau babbar mota. Muka wuce Tibiri, muka wuce Gidan Rumji, ina kallon karan gero a tsaye a gonaki irin namu, ba zangarniyar kirki. Daga nan duk garin da muka shiga baƙo ne a wajena. Jakar tana kan cinyata, hannuna a ciki yana riƙe da sifikar kamar mai riƙe da ɗan tsako. Na kusa da ni ya ga ba na ci ba na magana, ya tambaya ko ciwon ciki nake. Na ce e.

A wata iyaka aka sauke mu da rana tsaka, aka jera mu, kowa ya buɗe kayansa. Wani mai kaki ya zura hannu a jakata ya ciro ta. Ya jujjuya ta, ya yi magana da Faransancin da ya fi ƙarfin wanda na koya a lakol, sannan ya danna maɓallin kunnawa. A tsakanin dannawarsa da fitowar sauti na yi addu'a biyu masu karo da juna. Na roƙi Allah kada muryar uwata ta fito a gaban wannan ƙaton da mutanen mota. Na kuma roƙe Shi ta fito. Sai kalangu ya ɓarke. Mai kaki ya gyaɗa kai, ya ɗan karkaɗa kafaɗa, abokan aikinsa suka yi dariya, ya kashe ya miƙo min.

Da muka koma mota sai lissafin ya zo min. Maganar Inna ita ce ta fara shiga memorin. In tana nan, ai ita ya kamata ta fara fitowa. Na kifa kaina a bayan kujerar gaba, har muka isa ban ƙara kallon taga ba.

Na sauka Abijan, na sauka kuma ban kunna ba. Kawu ya ba ni wuri a bayan shagonsa, tsakanin buhunan albasa, a wata unguwa da ba ta yin shiru ko na minti ɗaya. Iskar garin jiƙe take, tufafi ba sa bushewa, mutane suna magana da sauri kamar ana bin su. Na koyi ɗaukar buhu, na koyi ware ruɓaɓɓiya, na koyi kauce wa motoci. Sifika tana ƙarƙashin matashina. Kullum sai na yi mata caji, ban taɓa kunna ta ba. Kawu ya ce shi bai taɓa ganin wanda ya sayi rediyo ya sa ta azumin magana ba.

A kwana na tara na kira gida a wayar kawu. Ƙanwata ta ɗauka, muka gaisa, sai ta ce, "Yaya, Inna na tambaya ko an ji."

"An ji," na ce.

Ta maimaita mata. Sannan ta ce min, "Ta tashi ta shiga ɗaki."

Wannan ƙaryar ta fi buhun albasa nauyi. Tana can tana jin kunyar abin da ta faɗa min, ni kuwa ban ma san ko yana duniya ba. Ranar Juma'a da aka sauko daga masallaci kawu ya tafi gaisuwa, shago a rufe. Na zauna a kan buhu, na ɗora sifikar a gwiwata, na yi bisimilla na kunna.

Ba ta da gilashin da zai nuna maka abin da ke ciki. Maɓalli ne guda, ka danna ta tsallaka zuwa na gaba. Kalangu, na danna. Wa'azi, na danna. Wata mata tana waƙa da yaren da ban sani ba, na danna. Na fara ƙirgawa, na wuce ɗari na rikice na bari. Na san akwai dannawar da za ta mayar da ni kan kalangun farko, daga nan kuma shi ke nan. Babban yatsana ya yi zafi na koma na tsakiya. Aka kira la'asar ban tashi ba, Allah ya yafe min. Na zagi mai rumfa, na zagi kwamfutarsa, na zagi kaina da na bar memorin a ciki.

Sai na danna na ji shiru. Yatsana har ya sake hawa maɓallin, don na zaci wata lalatacciyar waƙa ce. Abin da ya tsayar da ni kukan zabuwa ne, can nesa. Na san zabuwar. Na ji takalmin ƙanwata yana ja yana nisa, na ji ƙarar ƙyauren ɗakin Inna da kullum nake cewa zan gyara. Sannan numfashi. Ta daɗe tana numfashi kawai, har na ji tsoron ko iyakar abin ke nan. Na kara sifikar a kunne kamar yadda na yi a kasuwa.

"To," ta ce. "An ce gobe za a tahi. A riƙe salla. Kada a ci abin wani. In an ji ciwo a hwaɗa ma kawu, kada a ɓoye, an saba ɓoyewa tun ana ƙarami."

Ta yi tari, ta huta. Kowane harafi yana fitowa, har ɗan kukan da maƙogwaronta ke yi in ta ja iska.

"Hurar da ake samu kowace sahiya a gidan kaka, ba ita ke damawa ba. Ba ta iya dama hura ba, Allah ya jiƙanta. Ni ce ke aikowa."

Shiru ya sake biyowa, mai tsawo. Sai ta faɗi sunana. Ta faɗe shi a hankali, kamar mai gwada ko zai shiga bakinta. Ta sake faɗa, ta ce, "Allah ya yi maka albarka." Na ji hannunta yana lalube a jikin wayar, sannan kiɗan 'yan kokawa ya faɗo a kai.

Na sha zaton ranar da na ji wannan zan yi murna. Ban yi ba. Wani tsoro ne ya rufe ni wanda ya fi na hanya da na iyaka da na memorin duka. Na san uwata. Matar da ta riƙe sunan nan a bakinta shekara ashirin da huɗu ba za ta sake shi ba sai in ta tabbata ba za ta ƙara haɗa ido da ni ba. Ta san abin da ke maƙogwaronta fiye da likitan Maradi.

Na fita da gudu na nemo kawu, na karɓi wayarsa na kira. Na ce wa ƙanwata ta ba Inna, yau sai na yi magana da ita. Na ji ta tafi, na ji tana faɗa mata, sannan can ƙasa na ji 'yar muryar nan: "Ki ce ma wancan ina aiki."

Na roƙi kawu ya bar ni in koma. Ya ce in yi haƙuri albasar bana ta ƙare, ciwon nata ai ba na yau ba ne. Na yi haƙuri. Ta rasu da farkon damina, ina tsaye a bakin shago da buhu a ka aka miƙo min waya.

Sifikar tana nan har yau, ta bi ni ƙasa uku. Gefenta ya ƙara gogewa, cajinta bai kai na da ba. Ban taɓa cire memorin ba, ban kuma yarda kowa ya taɓa ta ba, waƙoƙin mai rumfa duk suna ciki don ina tsoron in goge ɗaya hannuna ya zame. Tana da hali guda mai kyau, inda ka kashe ta nan take tashi, shi ya sa kullum a kan kukan zabuwa nake ajiye ta. Nakan kunna in ji a riƙe salla, in ji zancen fura. Amma yawanci da ta yi shirun nan na biyu nake kashewa, in mayar da ita baya. Muddin ba ta kai ga sunan ba, ni wancan ne, ita kuma tana ɗaki tana aiki.